Dalyop Ya Biya

Kwana tara ina ginin gidan da ba shi da ciki,
ƙofa goma sha huɗu, kowace na buɗewa kan hoton wata,
ba ɗaki, ba rumbu, ba ko sisi a bayansu.
Samfuri muke ce masa a ofishinmu na Rayfield:
manhajar da ba a haifa ba tukuna,
mun riga mun ɗinka mata kayan suna.

Na sa mata jinkirin daƙiƙa biyu,
'yar da'irar nan mai zagaye kamar akuya a turke,
don ta yi kama da gaske.
Na zuba mata sunayen da na ƙaga ina kurɓar shayi:
Tanimu, buhu shida. Dalyop, buhu tara.

Laraba, Farin Gada.
Ruwa ya ɗauke, taɓo bai ɗauke ba.
Ngo Kaneng ta goge hannu a zani, ta karɓi wayar
kamar an miƙa mata jinjirin maƙwabta.
Na ce, ba ke ake gwadawa ba, ita ake gwadawa.
Ta ce, haka mai allura yake cewa ba zafi.

Dokar aikin: kar ka nuna, kar ka taya.
Na zauna kan hannuwana bisa buhun kabeji,
Nanret na gefe da biro.
Koren maɓallin da na kwana ina gyara wa kusurwa,
yatsanta ya wuce shi sau uku
kamar mai cin bashi a ƙofar mai shago.
Hoton dankalin take dannawa,
wanda na manna don ado kawai.
Babban yatsa mai faso, ƙasar Bokkos ƙarƙashin farce,
gilashin ma sai a na biyu yake jin ta.
"Can ƙasa" ta taso mini har maƙogwaro.
Na haɗiye.

Sai wayar ta yi ƙara, saƙo ya faɗo:
Dalyop ya biya ki, dubu ɗari uku da sittin, cif.

Ta yi tsit. Ta matso da ita kusa da ido.
Can dariya ta kece mata har ta dafa sikeli.
Saraya, zo ki ga ikon Allah!
Wane Dalyop? Na Gada Biyu?
Mai kawo rabi ranar Juma'a,
rabin rabi in an taso coci,
saura sai mun yi kiciɓis wajen bikin wani?
Ɗana, wayarka ba ta san mutane ba.

Ashe ba launi ne ya tona ni ba.
Kasuwa na gina wadda kowa ke cika alkawari.
An ce ramin ƙarya ƙurarre ne,
nawa bai ɗauki buhu tara ba.

Ta zaro littafinta daga cikin bokiti,
gefensa ya sha manja, bangon ya tafi tuntuni.
Kowane suna da jelar lissafi, an soke, an sake,
wani da zobe, wani da ɗigo uku a gaba.
Na ce, ɗigon fa?
Ta ce, matarsa na asibiti, ba a matsa masa.
Ina zan sa wannan a cikin abin naka?

Nanret ta ɗaga biro daga takarda.

Daren nan sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa,
na rushe ƙofa biyar, ban ji ciwonsu ba,
ai ba bulo na saya ba.
Dankalin ya zama maɓalli.
Na buɗe ɗan fili gaban kowane suna,
na rasa me zan kira shi,
na bar masa ɗigo uku.

Dalyop kuwa na rage masa hali:
dubu saba'in, saura sai ta samu.
Laraba mai zuwa zan koma in zauna kan hannuwana,
in ga ko wannan karon za ta ja tsaki.